Fridtjof Nansen: Mai ratsa ƙanƙara da ya nema wa marasa ƙasa fasfo

A ranar 15 ga Disamban 1921 gwamnatin Sobiyet da ke Mosko ta fitar da wata doka da ta raba dubban ɗaruruwan mutane da ƙasarsu. Duk ɗan Rasha da ya fice bayan juyin juya halin 1917 ba da izinin sabbin masu mulki ba, da wanda ya ɗauki makami ya yaƙe su, da wanda ya daɗe a ƙetare bai je ya karɓi sabuwar takarda cikin wa'adin da aka ɗiba ba, dokar ta soke matsayinsu na 'yan ƙasa. Mutanen nan suna warwatse a Istanbul da Balin da Faris, har Harbin da Shanghai na ƙasar Sin, riƙe da fasfon daular da ta riga ta rushe. Babu mai sabunta musu shi, babu ofishin jakadancin da zai amsa sallamarsu, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan da za su haifa ba su da ƙasar da za su gada.

Wanda aka ɗora wa nauyinsu ba lauya ba ne. Masanin halittun teku ne ɗan ƙasar Norwe, mai shekara 60 a lokacin, wanda duniya ta sani da ratsa ƙanƙara. Sunansa Fridtjof Nansen.

Asali da tasowa

An haife shi ranar 10 ga Oktoban 1861 a wata gona da ke bayan garin Kiristiyaniya, birnin da ake kira Oslo a yau. Mahaifinsa Baldur lauya ne, mahaifiyarsa Adelaide kuwa 'yar babban gida ce. Zuriyarsa ta wajen uba daga Denmak ta fito, domin kakan kakanninsa Hans Nansen ɗan kasuwa ne da ya yi fatauci a tekunan arewa, ya kuma zama magajin garin Kopenhagen a ƙarni na 17. Mutum ne da ke iya jero nasabarsa har fiye da shekara 200 baya. Da yawa daga cikin waɗanda zai yi wa hidima a ƙarshen rayuwarsa su ma suna iya jero tasu, sai dai ba ta tsinana musu komai ba.

Norwe ta wancan zamani tana da majalisarta da tsarin mulkinta, amma tun 1814 sarki ɗaya take da shi da Suwidin, kuma daga Stockholm ake juya harkokinta na waje. Matuƙin jirgin ruwa ɗan Norwe da ya shiga matsala a wata tashar ƙetare ba shi da ofishin jakadanci na ƙasarsa ita kaɗai da zai kai kuka. Wannan ƙorafi shi ne zai raba ƙasashen biyu daga baya, kuma Nansen na cikin waɗanda suka raba su.

Ya tashi gwanin sulu a kan dusar ƙanƙara da dogayen katakai a ƙafa, wasan da ya zame wa mutanen ƙasarsa kamar tafiya. A 1881 ya shiga jami'a yana karanta ilmin dabbobi, shekara mai zuwa ya bi wani jirgin mafarauta mai suna Viking zuwa tekun arewa, inda ya fara hango gaɓar Girinlan. Da ya dawo sai ya kama aiki a gidan adana kayan tarihi na Bergen, ya shafe shekara shida yana nazarin jijiyoyin ƙananan halittun teku. Binciken da ya ba shi digirin digirgir a 1888 yana cikin ayyukan farko da suka nuna cewa jijiyoyin jiki ƙwayoyi ne daban-daban masu isar wa juna saƙo.

Shekarun ƙanƙara

Kwanaki kaɗan da kare digirinsa ya kama hanyar Girinlan. Waɗanda suka gwada ƙetare tsibirin kafin shi daga yamma suke farawa, inda ake da garuruwa, don idan abu ya ɓaci su juyo. Shi kuwa sai ya zaɓi farawa daga gabas, inda babu gari babu mafaka, ta yadda hanyar tsira ɗaya ce, ita ce gaba. Su shida suka tafi, biyu daga cikinsu 'yan ƙabilar Sami ta arewacin Norwe. Sun hau ƙanƙarar a tsakiyar Agusta cikin sanyin da kan kai digiri 45 ƙasa da sifili, suna jan kayansu da ƙarfin kafaɗa, kuma a farkon Oktoba Nansen ya isa garin Godthaab da ke gaɓar yamma. Jirgin ƙarshe na shekarar ya riga ya tashi, don haka suka yi hunturu a wurin, ya koyi zama da mutanen Inuit da tuƙa ƙananan jiragensu. Ya koma gida a Mayun 1889 aka tarbe shi kamar sarki, kuma a shekarar ya auri mawaƙiya Eva Sars, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyar kafin rasuwarta a 1907.

Tafiyar da ta fi fito da sunansa ita ce ta jirgin Fram, kalmar da ke nufin gaba a harshensu. A 1884 an tsinci tarkacen wani jirgin Amurka mai suna Jeannette a gaɓar Girinlan, alhali a arewacin Saiberiya ya nutse. Nansen ya ce ke nan akwai igiyar ruwa da ke jan ƙanƙara ta ratsa ƙuryar arewacin duniya, kuma jirgin da aka ƙera da zagayayyen ciki, wanda ƙanƙara za ta ɗaga sama maimakon ta murƙushe shi, zai iya bin ta. Manyan masana sun kira shirin ganganci. Colin Archer ya ƙera jirgin, suka tashi su 13 a ranar 24 ga Yunin 1893, ƙanƙara ta kama su a watan Satumba, jirgin kuma ya ɗagu kamar yadda aka yi hasashe.

Da ya ga tafiyar na jan ƙafa, a ranar 14 ga Maris na 1895 ya sauka shi da Hjalmar Johansen da karnuka 28, suka nufi ƙuryar da ƙafa. A farkon Afrilu suka wuce digiri 86, inda babu wanda aka san ya taɓa kaiwa, sannan suka juyo. Dawowar ce ta zama jidali. Sun cinye hunturu guda a wata bukkar duwatsu da suka gina a tsibiran Franz Josef, suna rayuwa da naman dabbobin da suka harbo, sai a watan Yunin 1896 suka yi kiciɓis da wani mai bincike ɗan Birtaniya, Frederick Jackson. A Agusta suka isa Norwe, mako guda bayan haka Fram ma ya iso, babu wanda ya mutu.

Wannan suna shi ne jarin da ya ci gaba da juyawa har ƙarshen ransa. A 1905, da rikicin ofisoshin jakadanci ya kai maƙura har majalisar Norwe ta raba gari da Suwidin a ranar 7 ga Yuni, Nansen ne ya riƙa bayyana wa Turai hujjar ƙasarsa a jaridu, shi aka kuma tura Kopenhagen ya shawo kan Yarima Carl na Denmak ya karɓi sarauta da sunan Haakon na Bakwai. Daga 1906 zuwa 1908 ya zama jakadan Norwe na farko a Landan. Sannan ya koma jami'a da binciken teku, kuma da ba don Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, mai yiwuwa a nan labarinsa zai tsaya.

Jini ko mahaifa

Kafin 1914 mutum na iya zagaya yawancin yammacin Turai ba tare da an tambaye shi fasfo ba. Yaƙin ne ya kawo shingaye, da ya ƙare kuma ba a ɗauke su ba. A 1920 ma aka yi taro a Faris aka daidaita siffar ɗan littafin fasfo da aka sani a yau. Daga nan takarda ta zama sharaɗin tafiya da zama da neman aiki. A daidai lokacin ne kuma dauloli huɗu suka rushe, ta Rasha da ta Jamus da ta Ostiriya da Hangari da ta Usmaniyya, aka ja sabbin iyakoki, kowace sabuwar ƙasa ta zauna tana rubuta wa kanta dokar wane ne ɗanta.

Hanyoyi biyu ne manya da jariri ke zama ɗan ƙasa. Ta farko ita ce ta mahaifa: duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙasar nan ɗanta ne, ko daga ina iyayensa suka zo. Ita Amurka da yawancin ƙasashen nahiyarta ke bi, Birtaniya ma ita take bi a wancan lokaci. Ta biyu ita ce ta jini, wato ɗa ya gaji ƙasar iyayensa ko a ina aka haife shi. Ita ce ta mamaye tsakiyar Turai da gabashinta, kuma dokar Jamus ta 1913 ita ce fitaccen misalinta. Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan hanya, domin sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 a kan iyaye da kakanni ya dogara, haihuwa a cikin ƙasar ita kaɗai ba ta wadatar ba. A kan irin wannan tambaya ta asali ce aka kwashi Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, aka kai shi Chadi a Janairun 1980, kafin kotu ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne.

Hanyar jini tana da kyau matuƙar uba na da abin da zai bar wa ɗansa. Ita ce ke sa ɗan fatake da aka haifa a ƙetare bai yanke da gida ba. Amma gado ba ya zaɓe: idan uba ba shi da ƙasa, rashin ƙasar ɗan zai gada. Yaron da ɗan gudun hijirar Rasha ya haifa a Balin a 1923 ba Bajamushe ba ne, tunda ubansa ba Bajamushe ba ne, kuma ba ɗan Sobiyet ba ne, tunda an soke sunan uban. Uwa ba ta iya cetonsa, domin a mafi yawan dokokin lokacin ta wajen uba kaɗai ake gado. A ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya ma, matar da ta auri baƙo ita kanta tana rasa ƙasarta, ko da mijin ba shi da wata da zai ba ta. Aure ɗaya sai ya samar da gida guda na marasa ƙasa.

Dokar ƙasa da ƙasa kuwa ba ta da ta cewa. A Fabrairun 1923 kotun duniya da ke Hague, a ra'ayin da ta bayar kan saɓanin Birtaniya da Faransa game da dokokin zama ɗan ƙasa a Tunisiya da Maroko, ta nuna cewa a asali wannan batu hurumin kowace ƙasa ne ita kaɗai. Kowa da dokarsa, babu wanda ya ɗauki alhakin wanda ya faɗa tsakanin dokoki biyu.

Illar ba ta tsaya ga tafiya ba. A yawancin nahiyar Turai a wancan lokaci dokar ƙasar mutum ce ke hukunta aurensa da sakinsa da rabon gadonsa, ko a ina yake zaune. Marar ƙasa da wace doka za a ɗaura masa aure? Haƙƙin baƙo na buɗe kanti ko shigar da ƙara a kotu yakan dogara ne da yarjejeniyar ba-ni-in-ba-ka tsakanin ƙasarsa da mai masaukinsa, shi kuwa babu mai ba da komai a madadinsa. Idan aka kore shi daga wata ƙasa, maƙwabciyarta ta ɗaure shi saboda shigowa ba izini, ya gama wa'adi a sake tura shi inda ya fito. Gaba kura, baya sayaki.

Takardar da ta ɗauki sunansa

Nansen ya shiga wannan fage ne ta ƙofar fursunonin yaƙi. A Afrilun 1920 Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta roƙe shi ya shirya mayar da sojojin da har lokacin ke tsare, akasarinsu a Rasha da Jamus. Gwamnatin Sobiyet ba ta yarda da Majalisar ba, amma ta yarda ta yi hulɗa da Nansen a matsayinsa na kansa. Da jiragen haya da ke kai da kawo a tekun Baltik, da taimakon ƙungiyar Red Cross, zuwa 1922 ya ba da rahoton mayar da mutum 427,886 gidajensu.

Tun wannan aiki bai ƙare ba, a 1921 aka naɗa shi Babban Kwamishina mai kula da 'yan gudun hijirar Rasha. Ƙiyasin yawansu ya kama daga 800,000 zuwa fiye da miliyan guda, cikinsu har da kusan 150,000 da jiragen ruwa suka kwaso daga Kirimiya zuwa Istanbul a Nuwamban 1920 bayan an ci rundunar Janar Wrangel. Kuɗin da aka ware masa na tafiyar da ofis ne kawai, ba na ciyar da kowa ba. A shekarar ce kuma yunwa ta afka wa yankin kogin Volga, ta hallaka miliyoyi. Nansen ya tsaya gaban Majalisar a Jeneba ya roƙi gwamnatoci su ba da rance, suka ƙi, don kada su ƙarfafa 'yan gurguzu. Ya koma ga ƙungiyoyin agaji da ɗaiɗaikun mutane, ko da yake kaso mafi tsoka na ciyarwar hukumar agajin Amurka ce ƙarƙashin Herbert Hoover ta yi shi. Wannan kusanci da Mosko ya jawo masa baƙin jini wurin 'yan gudun hijirar da yake wakilta, musamman da ya gwada shirya wa wasunsu komawa gida. Kaɗan ne suka koma, shirin kuma ya mutu.

Tunda gida ya ƙi, sai a nemi yadda za su motsa zuwa inda ake da aiki. A farkon Yulin 1922 ya tara wakilan gwamnatoci a Jeneba, a ranar 5 ga watan aka amince da wata takardar shaida ta bai ɗaya, wadda jama'a suka laƙaba wa suna fasfon Nansen. Ba Majalisar ke bayar da ita ba, ƙasar da ɗan gudun hijira ke zaune ce ke bayarwa, sauran ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar kuma su amince su buga biza a kanta. Tana ɗauke da suna da hoto da sana'a da asalin mai ita, wa'adinta shekara guda. A 1924 aka shigar da Armeniyawan da suka tsira daga kisan da aka yi musu a daular Usmaniyya, a 1928 aka ƙara da Assuriyawa da wasu ƙananan rukunoni. Daga 1926 mai hali kan sayi kan sarki na faran biyar na zinariya a liƙa masa, kuɗin ya shiga asusun taimakon marasa hali. Ƙasashe fiye da 50 suka amince da ita, an kuma bayar da kimanin 450,000. Mawaƙi Igor Stravinsky da mai zane Marc Chagall da marubuci Vladimir Nabokov duk sun riƙe ta, amma galibin masu ita leburori ne da direbobin tasi da ma'aikatan masana'antun Faransa, ƙasar da yaƙi ya cinye wa maza take neman hannaye.

Ya kamata a faɗi iyakarta, domin yabon da ake yi mata yakan wuce gona da iri. Takardar ba ta mai da kowa ɗan ƙasa ba. Da farko ko haƙƙin komawa ƙasar da ta bayar da ita ba ta ƙunsa ba, sai a 1926 aka ba da shawarar gyara hakan. Ba ta tilasta wa kowace ƙasa ba da biza ko izinin aiki ba, kuma masu ita sun sha wulaƙanci a layukan ofisoshin jakadanci. Ba ta shafi kowa da kowa ba, sai rukunin da gwamnatoci suka ambata da suna, shi ya sa 'yan Italiya da suka guje wa Mussolini ba su same ta ba. Yaron da aka haifa a Balin kuwa, da ya girma sai a ba shi irin takardar ubansa. Duk da haka, wannan ne karo na farko da ƙasashe suka yarda cewa mutumin da babu gwamnatin da ke bayansa yana da suna da fuska a idon doka, kuma akwai wani ofishi na duniya da zai tsaya masa. Yarjejeniyar 1928 ta ƙara da shawarar a riƙa hukunta aurensu da gadonsu da dokar inda suke zaune. A ƙarshen 1922 aka ba Nansen lambar Nobel ta zaman lafiya, ya juye kuɗin a aikin agaji.

Tabon Lausanne

Akwai babin da masu yabonsa kan bi ta kai da sauri. A Satumban 1922 sojojin Turkiyya suka kori na Girka daga Anatoliya, birnin Izmir ya ƙone, Kiristoci dubban ɗaruruwa suka tsallaka teku zuwa Girka, ƙasar da ba ta da inda za ta zuba su. Nansen ya je ya gani da idonsa, ya kuma gabatar wa taron sulhu na Lausanne shawarar musayar jama'a: Musulmin Girka su koma Turkiyya, a zaunar da masu gudun hijira a gidajensu da gonakinsu. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a ranar 30 ga Janairun 1923 ta mai da musayar dole. Ta shafi Kiristoci kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, waɗanda akasarinsu sun riga sun gudu, da Musulmi da yawansu ya tasam ma 400,000. An ware Girkawan Istanbul da Musulmin yammacin Thrace.

Ta fuskar doka, babu wanda ya zama marar ƙasa, domin yarjejeniyar ta tanadi cewa da mutum ya sauka ya zama ɗan ƙasar da ya isa, ya rasa ta da. Amma ma'aunin addini ne, ba harshe ba, ba kuma son ran mutum ba. Musulmin tsibirin Kirit da Girkanci ne harshensu na gida aka kai su Turkiyya, Kiristocin tsakiyar Anatoliya masu magana da Turkanci aka kai su Girka. Masu kare Nansen na cewa gudun ya riga ya faru, hunturu na tafe, abin da ya rage shi ne ceton rai, kuma rancen da ya taimaka aka samo ya zaunar da ɗimbin iyalai. Hakan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa Musulmin Girka ba su gudu ba, suna zaune a gidajen kakanninsu aka ce su tashi, kuma masu son raba jama'a bisa addini ko ƙabila sun riƙa kafa hujja da Lausanne shekaru da dama bayan haka.

Armeniyawa ne suka fi tsaya masa a rai a shekarunsa na ƙarshe. A 1925 ya je Armeniya ta Sobiyet tare da mataimakinsa Vidkun Quisling, ya dawo da shirin noman rani da zai zaunar da dubban iyalai. Manyan ƙasashen da suka yi wa Armeniyawa alkawari lokacin yaƙi suka ƙi sa kuɗi, shirin ya tsaya a takarda.

Rasuwa da abin da ya biyo baya

A bazarar 1930 ƙasashe suka taru a Hague don daidaita dokokin zama ɗan ƙasa. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu a ranar 12 ga Afrilu ta sake tabbatar wa kowace ƙasa ikon tantance 'ya'yanta, da sharaɗin dokarta ta dace da yarjejeniyoyi da al'adun ƙasa da ƙasa. Ta toshe wasu ƙananan ramuka: jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba ɗan inda aka tsince shi ne, matar da ta auri baƙo ba za ta rasa ƙasarta ba sai in ta sami ta mijin. Wata ƙaramar yarjejeniya da ke tare da ita ta ce yaron da aka haifa a ƙasar uwarsa, ubansa kuma marar ƙasa ne, ya bi uwar. Ƙasashen da suka tabbatar da su ba su da yawa.

Wata guda bayan haka, a ranar 13 ga Mayun 1930, Nansen ya rasu da ciwon zuciya a gidansa da ke Lysaker kusa da Oslo, yana da shekara 68. An yi jana'izarsa ranar 17 ga Mayu, ranar bikin tsarin mulkin Norwe.

Ofishin da aka kafa da sunansa ya ci gaba da aikin, ya kai ga yarjejeniyar 1933 kan matsayin 'yan gudun hijira, ya kuma sami lambar Nobel a 1938. Amma a lokacin Jamus ta Hitler ta riga ta mai da soke zama ɗan ƙasa makami, kuma ba a shigar da Yahudawan da ta kora cikin tsarin fasfon Nansen ba. Ɗansa Odd Nansen ya kafa ƙungiyar taimaka musu a 1936, 'yan Nazi suka tsare shi har sansanin Sachsenhausen, ya fito da rai. Quisling kuwa ya zama shugaban gwamnatin da ta yi wa Jamus aiki a Norwe, aka harbe shi a 1945 bayan an same shi da laifin cin amanar ƙasa.

Sai a 1948 sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya ta ambaci zama ɗan ƙasa a matsayin haƙƙin kowa. Yarjejeniyar 1954 ta tsara matsayin marasa ƙasa da takardar tafiyarsu, ta 1961 kuma ta taɓo tushen matsalar: ƙasar da aka haifi yaro a cikinta ta ba shi matsayin ɗanta idan ba shi da wata da zai gada. Najeriya ta shiga yarjejeniyoyin biyu a 2011.

Tun 1954 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da lambar yabo da sunan Nansen, kuma Eleanor Roosevelt ce ta fara karɓa. A 2017 lambar ta zo Maiduguri, inda aka ba lauya Zannah Mustapha, wanda ya buɗe makaranta a 2007 yana karɓar marayu, ya ci gaba da karɓar 'ya'yan ɓangarorin biyu da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ya kuma shiga tsakani wajen sako wasu daga cikin 'yan matan Chibok.